Asalin Marimba Da Yaɗuwarta

Marimba wani abin kiɗa ne wanda ba na fata ba ne kamar ganga, ba na tsirkiya ba kamar garaya, ba kuwa na busa ba kamar algaita. Itace ne kawai ke magana a jikinta. A kan sami itace mai tauri, a yanka shi ƙananan katakai masu faɗin kamar yatsa uku, a jera su bisa wani ɗan gado, a faro daga dogo a gangaro har kan ɗan guntu. Makaɗi ya riƙe 'yan sanduna biyu masu kan danƙo, ya riƙa bugun katakan. Dogon katako shi ke ba da babbar murya, gajere kuwa ya ba da siririya. A ƙarƙashin kowane katako a kan rataya butar duma, babba ga babba, ƙarama ga ƙarami, don in an buga, iskan da ke cikin butar ya amsa, murya ta yi kauri ta kai nesa.

Gwanintar masassaƙin marimba duka tana wajen gyaran murya. In katako ya yi siririyar murya fiye da yadda a ke so, sai ya kife shi ya rarake tsakiyarsa ta ƙasa, murya ta sauka. In kuwa ta sauka ta wuce kima, sai ya rage bakinsa, ta hau. Haka zai yi ta yi, yana sassaƙa, yana ƙwanƙwasawa, yana sa kunne, har katako ya faɗi abin da a ke nema. Sa'an nan ya nemi butar da cikinta ya dace da wannan murya, gama butar da ba ta dace da katakonta ba kurma ce, ba ta amsawa.

Akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu wanda ya kamata mai karatu ya riƙe, domin zai zama shaida nan gaba. A kan huda ɗan rami a gefen kowace buta, a liƙe shi da tantani. Mutanen Afirka ta Yamma su kan yi da farin tantanin nan da tautau ke rufe ƙwansa da shi a jikin bango. In an bugi katako sai tantanin ya kama rawa, ya riƙa wani kuka zirrr kamar ƙudan zuma cikin tulu. Baƙon da bai saba ba ya kan zaci abin ya tsage ne. Makaɗan Afirka kuwa, in babu kukan tantanin nan, kiɗa a wurinsu miya ce ba gishiri.

Irin wannan abin kiɗa ya bazu ƙwarai cikin Afirka, kowace al'umma da sunan da ta ke kiransa. Wanda ya taɓa zama wajen Jos ya san na Birom, sunansa kundung, su ƙahonin shanu su ke sa masa maimakon duma. A arewacin Gana, wajen Wa da Lawra, Dagarti da Lobi na da nasu, da shi su ke kiɗan makoki.

Daga cikin labaransa da suka fi tsufa a rubuce akwai na ƙasar Mali. Ibn Batuta, shahararren matafiyin nan mutumin Tanja ta ƙasar Maroko, ya sauka birnin Sarkin Mali Mansa Sulaimanu cikin 1352. Ya ba da labari cewa ran salla aka kafa wa tafintan sarki, mai suna Duga, kujera, ya zauna yana kaɗa wani abu mai 'yan ƙore a ƙarƙashinsa, yana waƙar yabon sarki da yaƙoƙinsa, matansa da kuyanginsa na tayawa. Mutanen Mali na kiran wannan abu bala, Faransawa suka yaɗa shi da sunan balafon. Da madobiya su ke yinsa, su ƙyafe itacen bisa wuta a hankali har ya bushe sarai. Maroƙan ƙasar na da labarin baka wanda ya girmi na Ibn Batuta. Sun ce Sumanguru Kante, Sarkin Soso, yana da wata bala wadda ba mai taɓa ta sai shi. Da Sunjata ya ci shi da yaƙi a Kirina, wajen 1235, sai ya damƙa ta hannun maroƙinsa Bala Faseke Kuyate. Zuriyar Kuyate na riƙe da wata tsohuwar bala a garin Niyagasola cikin ƙasar Gini, sun ce ita ce ta Sumanguru, ba a fito da ita sai a manyan ranaku. Cikin 2001 hukumar UNESCO, watau reshen Majalisar Ɗinkin Duniya mai lura da ilmi da al'adu, ta sa ta cikin abubuwan gado na duniya.

Can kudu maso gabashin Afirka, a bakin tekun Mozambik, akwai wata kabila da a ke kira Copi. Su nasu timbila su ke ce masa, ba kuwa ɗaya ɗaya su ke kaɗa shi ba, sai a jera goma ko fiye, manya da ƙanana, masu rawa riƙe da garkuwa su tsaya a gaba. Zamanin mulkin Fotugal gwanayensu su kan tsara waƙoƙi, a ciki su yi wa azzalumin hakimi habaici, su koka da aikin tilas. Amma sunan nan marimba, wanda duniya duka ta sani yanzu, daga harsunan Bantu ya fito, da shi kuwa mutanen Angola ke kiran abin. Wani limamin Kirista mutumin Italiya, mai suna Merolla, wanda ya zauna ƙasar Kwango, ya kwatanta ta da wannan suna a littafinsa da aka buga cikin 1692.

To, tun cikin ƙarni na 16 Turawa suka shiga jigilar bayi daga Afirka zuwa ƙasashen da ke ƙetaren Tekun Atlantika. Tsakanin 1595 da 1640 fataken Fotugal ne ke da iznin kai bayi cikin ƙasashen da Sifen ke mulki a can, da yawa daga cikin waɗanda suka kai a lokacin nan kuwa daga Angola suka ɗebo su. Bawa ba ya shiga jirgi da kaya, daga shi sai sarƙa. Abin da ya ƙetare teku sanin yadda a ke yin marimba ne, yana cikin kawunan mutane, inda mai bincike ba ya iya lalubawa. Wanda ya iya, in ya sauka ya tarar akwai itace mai tauri, akwai duma, akwai kakin zuma, ya sami dukan abin da ya ke bukata. A Barazil an daɗe ana ganinta hannun bayi, har masu zane suka zana hotonta, daga baya ta kusa ɓacewa. Inda ta kafu sosai wuri biyu ne, Gwatamala da maƙwabtanta, sa'an nan bakin tekun Kolombiya da Ikwado.

Gwatamala ƙasa ce ta tuddai da duwatsu masu aman wuta. Tana kudu da Meksiko, a siririn wuyan ƙasan nan da ya haɗa Amurka ta Arewa da ta Kudu. 'Yan asalinta su ne Maya, mutane masu tsohon tarihi, waɗanda suka gina manyan birane na dutse, suna da rubutunsu da lissafin kwanakinsu tun Turawa ba su san da ƙasar ba. Turawan Sifen suka far musu da yaƙi cikin 1524 ƙarƙashin wani jarumi marar tausayi, Fedro de Albarado. Bayan sun ci ƙasa suka kafa gonakin rake da na baba, suka kawo bayi baƙar fata, musamman a babbar gonar rake ta San Heronimo wadda ke hannun limaman Kirista. A gonakin nan da kasuwanni bawan Afirka da talakan Maya suka haɗu, wahalarsu ɗaya, ubangidansu ɗaya. Wani malamin tarihi na ƙasar, Domingo Huwaros, ya rubuta cewa a watan Nuwamba 1680, da aka yi bikin buɗe babbar majami'ar birnin Santiyago, wanda a ke kira Antigwa yanzu, an kaɗa marimba tare da ganguna da kakaki. Ya lissafta ta kuwa cikin kayan kiɗan 'yan ƙasa. Watau tun a lokacin ta riga ta sauya hannu.

Bayin Afirka a Gwatamala ba su kai yawan na Barazil ko Kyuba ba. A hankali suka yi ta auratayya da sauran jama'a har yawancinsu suka narke a ciki, aka kuwa soke bauta cikin 1824. Marimba ta zauna wurin Maya. Tsohuwar irinta, wadda har yanzu a ke gani a garuruwan tudu kamar Cicikastenango, butocinta dogaye ne kamar shantu, mutum ɗaya ke kaɗa ta. Tana da wani tanƙwararren itace kamar baka, an ɗaure shi daga wannan gefe zuwa wancan. In makaɗi na tafiya sai ya rataya ta, bakan ya tokare cikinsa don kada katakan su taɓa jikinsa. In ya sami wurin zama kuwa sai ya zauna bisa bakan, ya danne ta. Kowace buta an huda ta kusa da gindi, an kewaye ramin da kakin zuma, an liƙa tantani. Su ba su bi ta kan tautau ba, tantanin hanjin alade su ke shanyawa su sa, kukansa kuwa suna kiransa carleyo. Da ita Maya ke bikin waliyyan garuruwansu, da ita su ke aure, da ita masu rufe fuska ke rawa. A wasu wurare kamar Rabinal har matattu a ke kaɗa wa ita ranar tunawa da su, domin a ganinsu kakanni na jin kiɗan da suka sani tun suna duniya.

Yau in aka ce wa wani mutumin Gwatamala marimba daga Afirka ta zo, ya yiwu ransa ya ɓaci. Akwai malamansu da suka tsaya a kan Maya ne suka ƙago ta, suna kafa hujja da zanen da ke jikin wani tsohon kasko wanda ya riga zuwan Turawa. Waɗansu masana kuwa suka duba suka ce abin da ke jikin kaskon wani kaya ne dabam. Gaskiya ne Maya na da wani abin kiɗa na itace tun da, sunansa tun, gungume ne rarakakke mai harshe biyu wanda a ke bugawa da sanda mai kan danƙo. Amma Turawan farko da suka rubuta labarin kayan kiɗan Maya, suka ambaci tun da ganguna da sarewa, ba su ambaci marimba ba. Ga kuma shaidu uku da ke jikinta. Sunanta na Bantu ne. Bakan nan da ke tokare ciki irinsa ne a ke gani a Angola da Mozambik. Na uku shi ne tantani, gama da wuya a ce mutane biyu da teku ta raba su, kowa don kansa ya yi tunanin huda buta ya liƙa mata fata don ta yi zirrr, kuma su zo su yi suna ɗaya. Alƙali mai adalci zai ba Afirka asali. Amma zai ƙara da cewa abin da ya yi fiye da shekara 300 a hannun mutum, yana aure da shi, yana binne iyayensa da shi, ba a ce masa aro.

A Kolombiya da Ikwado labarin dabam ne, domin a can ba ta fita hannun baƙar fata ba. Bakin tekun ƙasashen nan na yamma kurmi ne mai duhu da koguna, ruwan sama ba ya ɗaukewa. Cikin 1553 wani jirgi da ya taso daga Fanama za shi Feru ya yi hatsari a gaɓar Esmeraldas, bayin da ke ciki suka tsere cikin kurmi, suka kafa zamansu, daga baya wani Alonso de Ilyeskas ya shugabance su, Sifen ta kasa cinsu. Arewa da nan kuwa, a Kolombiya, bayi aka zuba a bakin koguna suna wankin zinariya. Zuriyar waɗannan mutane su ne masu marimbar wurin. Da itacen wani irin giginya mai tauri, conta, su ke yin katakan, maimakon duma kuwa su yanka gora, irin ta sanda amma mai faɗin ciki, su jera a ƙarƙashi. Su kan rataye ta da igiya a jikin azarar ɗaki, mutum biyu su kaɗa, ɗaya a manyan muryoyi, ɗaya a ƙanana, ga ganguna huɗu, ga mata na waƙa suna girgiza gora mai 'ya'yan itace a ciki. Wannan kiɗa da rawarsa sunansa kurulawo. Abin mamaki, a nan inda jinin Afirka ya fi yawa, ba a liƙa mata tantani, cakar-cakar ɗin gorar mata ita ke cike gurbin.

Limaman Kirista na zamanin da sun ƙi jinin wannan kiɗa, suka ce na Shaiɗan ne. Cikin 1734 wani daga cikinsu, Fernando Lareya, ya zo wa'azi garin Barbakowas, garin zinariya, ya sa aka tattaro masa marimba fiye da 30, ya cinna musu wuta. Har farkon ƙarni na 20 an yi wani limami mai suna Mera, wanda mutanen kogunan nan ke ba da labarin yana jefa marimba a ruwa. Amma mai ƙona marimba aikin banza ya ke yi muddin conta da gora na tsiro a bayan gida, masassaƙi kuma na da rai. Daga 1997 aka fara wani babban taron makaɗa na shekara shekara a birnin Kali, inda masu marimbar bakin teku ke gasa gaban dubban mutane. UNESCO ta sa kiɗan cikin abubuwan gado a 2010, ta haɗa da na Esmeraldas a 2015.

A koma Gwatamala. Mutanen birni, waɗanda a ke kira Ladino, watau masu magana da harshen Sifen da sa tufafin Turawa, sun daɗe suna raina marimba, suna ganin kiɗan ƙauyawa ne da mashaya. Duk da haka daɗinta ya ja su. Cikin ƙarni na 19 kafintoci suka cire butocin duma suka sa akwatunan katako dogaye masu tsinin gindi, suka yi mata ƙafafu, suka ƙara mata tsawo har mutum uku su tsaya su kaɗa tare. Tantani dai ba su taɓa shi ba. Saura matsala ɗaya. Tsohuwar marimba muryoyi 7 gare ta waɗanda ke maimaita kansu daga ƙasa zuwa sama, kiɗan Turawa kuwa muryoyi 12 ya ke so. In makaɗi na bukatar muryar tsakani sai ya manna dunƙulen kaki a bakin katako don ya saukar da shi kaɗan, in an gama ya ɓamɓare. Wannan wahala ce, ba ta kuwa isa waƙoƙin rawa na Turai da attajirai ke so.

Cikin 1894 wani masassaƙi a birnin Ketsaltenango, Sebastiyan Hurtado, ya ƙara mata layi na biyu na katakai a bisa na farko, kamar baƙaƙen haƙoran fiyano, akwatin kiɗan nan na Turawa. Da wannan ta iya faɗin duk abin da fiyano ke faɗi. Mutanen Ciyapas, wadda ke cikin Meksiko amma da can tana ƙarƙashin Gwatamala, sun ce nasu gwanin, Korason Boras, shi ma ya yi haka cikin waɗannan shekaru, har yau ƙasashen biyu na ja-in-ja a kan wanda ya riga. Ko wa ya riga, daga nan marimba ta shiga zaurukan manya. Aka riƙa haɗa biyu, babba mai mutum huɗu da ƙarama mai mutum uku, a ƙara da ganga da babban goge na Turawa. Mawaƙa suka yi ta tsara mata waƙoƙi, wadda ta fi shahara ita ce Luna de Shelahu, watau farin watan Shelahu, tsohon sunan Ketsaltenango, wadda Fako Feres ya yi cikin 1944.

'Ya'yan Hurtado su suka fitar da ita waje. Sun tafi Amurka cikin 1908, sun kuma kaɗa a babban baje kolin birnin San Faransisko na 1915, wanda aka yi don murnar gama haƙa mashigin ruwa na Fanama. Aka ɗauki kiɗansu a faifan garmaho, ya yi kasuwa. Kamfanonin Amurka, musamman na Deagan da ke Shikago, suka ga akwai riba, suka shiga ƙera tasu tun wajen 1910. Suka sa bututun ƙarfe a madadin akwatin katako. Sun gwada yin wata mai tantani, suka sa mata suna nabimba, ba ta karɓu ba, domin kunnen Bature murya tsantsa ya ke so. Saboda haka marimbar da ta fita daga Shikago ta bazu duniya ba ta da kukan tantani ko kaɗan.

Wani Ba'amurke mai suna Musser shi ya fi kowa yi mata hidima a can. Cikin 1933 ya tara makaɗa 100, kowa da tasa marimba, suka kaɗa tare a baje kolin Shikago. Cikin 1935 ya sake tara 100, maza da mata, ya nufi Ingila da su don bikin cikar Sarki Joji na Biyar shekara 25 a gadon sarauta, har an sa wa marimbobin sunan Sarkin. Amma aka hana su kaɗawa a Ingila saboda rigimar ƙungiyoyin makaɗa, sai a Faris da Burasil ta ƙasar Beljiyam suka yi wasansu suka komo gida. Bayan wannan manyan masu tsara kiɗa suka fara rubuta mata, kamar Creston a 1940 da Bafaranshen nan Milhaud a 1947. Wata mace 'yar Japan, Keiko Abe, ta yi shekaru tana aiki da kamfanin Yamaha har suka fitar da mai katakai 61, wadda ta zama ita ce ta gwanaye. Makaɗan zamani su ma suka ɗauka, har 'yan Ingilan nan Rolling Stones sun sa ta a faifansu na 1966. Da wayar iPhone ta fito a 2007, ƙarar da ta ke yi in an kira mai ita sunanta Marimba, mutane da yawa sun ji ta sau dubu ba su san ko mene ne ba. Yawan buƙata ya jawo wa daji wahala. Jan itacen da a ke yin katakan masu tsada da shi a Beliz da Gwatamala ya ke tsiro, an sare shi har ya yi ƙaranci, cikin 2013 ƙasashen duniya suka sa wa cinikinsa ƙa'ida. Masu araha kuwa da wani ɗan'uwan madobiya a ke yinsu, wanda a ke sarowa a kurmin Kamaru da Gabon.

A gida, gwamnatin Gwatamala ta yi doka cikin 1978 cewa marimba ita ce abin kiɗan ƙasa. Wanda ya san tarihin wannan shekara zai ji wani iri. Ƙasar na cikin yaƙin basasa tun 1960, a watan Mayu na 1978 ɗin kuwa sojoji suka buɗe wa manoman Maya wuta a garin Fansos, sun taru ne don kukan gonakinsu da aka ƙwace, aka kashe mutane da dama. Cikin 1981 da 1982 aka ƙone ƙauyuka da yawa na Maya, Rabinal ɗin nan da a ke kaɗa wa matattu tana cikin wuraren da suka fi shan wuya. Watau ana ɗaukaka abin kiɗan a birni, ana kashe waɗanda suka riƙe shi a ƙauye. Dubban mutane suka gudu Ciyapas, waɗansu suka wuce har Los Anjalis da Fulorida. Kamar bayin da, yawancinsu ba su fita da komai ba, amma da suka zauna sai suka nemi marimba, waɗansu su sassaƙa, waɗansu su yi karo-karo a kawo musu daga gida, don bikin waliyyin garinsu ba ya yiwuwa sai da ita. An yi sulhu cikin 1996. Cikin 1999 hukumar da aka naɗa ta binciki yaƙin ta ce mutum wajen 200,000 aka kashe ko aka ɓatar, a cikin kowane 100 da aka gane, 83 Maya ne. A wannan shekara kuma majalisar ƙasar ta ƙara wa marimba daraja, ta sa ta cikin alamun ƙasa tare da tuta da taken ƙasa.

A Afirka ma an yi mata sabuwar haihuwa. Farkon shekarun 1960 aka buɗe wata makarantar kiɗa, Kwanongoma, a Bulawayo cikin ƙasar da a ke kira Rodeshiya ta Kudu a lokacin, Zimbabuwe ta yanzu. Malamanta suna neman abin kiɗan da za a koyar a makarantu wanda ba za a ce na Shona ne ko na Ndebele ba, don kada wata kabila ta ji an fifita wata. Suka duba na Copi da na Lozi mutanen kogin Zambezi, suka tsara sabuwar marimba iri huɗu, daga mai siririyar murya har zuwa wata ƙatuwa wadda sai makaɗi ya hau benci ya ke kai mata. Ta bazu makarantun Zimbabuwe da Botsuwana da Afirka ta Kudu. Wani ɗalibin makarantar, Dumisani Maraire, ya tafi koyarwa jami'ar birnin Siyatil ta Amurka cikin 1968, ya koya wa Amurkawa, almajiransa suka kafa ƙungiyoyi a garuruwa da dama. Yawanci da bututun roba irin na famfo a ke yin masu amsa muryarta, tun da duma na fashewa a hannun 'yan makaranta. Amma kowane bututu an huda shi a gefe, an liƙe ramin da 'yar siririyar leda, in an buga ta yi zirrr.